Lokacin da Langa Ba Ta da Gata

A gidaje da yawa na Garwa, daga Fulɓere zuwa Yelwa da Lopere, idan ka leƙa gindin randa ko bayan madafa za ka tarar da wata tsohuwar langa da aka bar wa kaji su sha ruwa, ko aka mayar da ita mazubin toka. Bakinta ya ɓantare wuri uku ko huɗu, tsatsa ta ci gindinta, murfinta ya daɗe da ɓata. Amma furen da ke jikinta yana nan da jansa da korensa, bai dusashe ba. Atamfa takan koɗe idan ta sha rana, fentin ƙofa yakan ɓare kafin damina ta uku. To me ya hana launin wannan kwano gushewa, bayan ya yi shekara arba'in ko hamsin cikin zafin Garwa, garin da ko dutse yakan ji a jikinsa a watan Afrilu?

Abin da ke jikin langa da fanteka da samira gilashi ne. A masana'anta ana yanka fallen ƙarfe mara kauri, inji ya danna shi ya fitar da siffar kwano, a wanke shi da ruwan asid har maiƙo da tsatsa su fita. Sai a tsoma shi cikin ruwa mai kauri da aka dama da garin gilashi, a bari ya bushe, a tura shi tanderu mai zafin da ya kai maki 800 ko fiye. A can garin yake narkewa ya kama ƙarfen. Shafin farko mai duhu ne, shi ne mai riƙo. A kansa ake ɗora fari, sannan a kifa wani faranti mai huda da siffar fure ko kifi, a fesa launi ta cikin hudar, a sake mayar da kwanon wuta. Launin da ya narke cikin gilashi rana ba ta cinsa, ruwa ba ya wanke shi.

Rauninsa ma daga nan ya fito. Ƙarfe yana lotsawa, gilashi ba ya lotsawa. Ranar da kwano ya suɓuce daga kan yarinya ya bugi dutse, ƙarfen sai ya ɗan shiga ciki, gilashin da ke kansa ya tsage ya faɗi, a bar wani baƙin tabo. Ta wannan tabo ruwa yake samun hanya, tsatsa ta riƙa ci ta ƙarƙashi a hankali har ta huda. Iyayenmu mata sun san haka sarai ko da ba su taɓa shiga masana'anta ba. Shi ya sa suka raba kwanukansu gida biyu: akwai na cin abinci da aike, akwai na jere, wanda ba a zuba masa komai, ba a kuma barin yaro ya taɓa shi.

Kafin kwanon kanti ya zo, ƙwarya ce adon ɗakin mace a wannan yanki. Matan Fulanin Adamawa sun yi suna wajen zanen ƙorai da wuƙa mai zafi, har wani Bature mai suna Chappel ya rubuta littafi sukutum a kan ƙoran arewa maso gabashin Najeriya, aka buga a 1977. Masu hali suna da akushi da tasoshin tagulla. Kwanon gilashi da ya iso bai kawo sabuwar al'ada ba, gurbin ƙwarya ya shiga. An ci gaba da jera shi yadda ake jera ƙorai, ana ba amarya shi yadda ake ba ta su.

Ta ruwa ya fara zuwa da yawa. Garwa tashar jiragen ruwa ce a kan Binuwai, kuma a zamanin Turawa jirage sukan taso daga Burutu, can bakin teku a Najeriya, su haura Kwara su shiga Binuwai, su wuce Yola su iso nan cikin 'yan watannin da kogi ya cika. Su sauke gishiri da siminti da kayan kanti, su ɗauki auduga da gyaɗa su koma kafin ruwa ya janye. Kwanukan farko daga Turai suke. Bayan yaƙin duniya na biyu sai na Hongkong suka cika kasuwa, domin masu masana'antu da suka baro Shanghai wajen 1949 sun kafa tanderunsu a can, kuma Afirka ta Yamma na daga cikin manyan kasuwanninsu. Da Najeriya ta ɗora haraji mai nauyi kan wanda ake shigowa da shi, sai suka tattaro injinansu suka biyo masu saye. An kafa kamfanin Nigerian Enamelware a Ikeja a 1960, wasu kuma suka kafa nasu a Kano. Tashar ruwan Garwa ta yi sanyi daga baya. Yaƙin basasar Najeriya daga 1967 zuwa 1970 ya tare hanyar kogi, jirgin ƙasa ya iso Ngaundare a 1974, aka kuma gama madatsar Lagdo a 1982. Amma kwano bai daina zuwa ba, hanya kawai ya sauya. Ya riƙa shigowa ta Yola da Mubi a mota da kwalekwale, musamman bayan 1986 da darajar naira ta faɗi, kayan Najeriya suka yi araha ga mai sefa a hannu.

A wancan lokaci uwa takan fara tara kayan ɗakin 'yarta tun yarinyar ba ta san menene aure ba. Ta ɗauki adashi ta sayi saitin samira ta tura ƙarƙashin gado. Ribar ƙosai ko ta man gyaɗa ta zama fanteka. Goggo ta kawo kwalla, Inna ta kawo faranti goma sha biyu, ƙawar uwa da aka yi wa biki shekarun baya ta rama da langa. Ana gobe tarewa 'yan jere su tafi ɗakin amarya, su kwana suna aiki. Manya a ƙasa, ƙanana a sama, launi ya bi launi, murfi a kife yadda furensa zai kalli mai shigowa, har jeren ya kusa taɓa rufi. Washegari mata su zo ganin ɗaki, kowace tana ƙirga da ido ba tare da ta motsa baki ba. Kuma kayan na amarya ne, ba na miji ba. Idan aure ya mutu da su take fita. Idan fari ya zo, ko ciwo, ko aka koro yaro daga makaranta saboda kuɗi, sai ta cire saiti ɗaya ta ba dillaliya a ɓoye. Mace da ba ta da gona da sunanta, ba ta da asusu a banki, dukiyarta tana jere a bango inda take ganinta kullum.

Ban ce komai na wannan al'ada alheri ba ne. Gasar kayan ɗaki ta jefa iyaye da yawa cikin bashi, ta sa an yi wa 'yar talaka gori a gidan miji, kuma 'yan mata da dama sun yi shekarun karatunsu ɗauke da tiren talla don a tara musu kwanuka. Wannan ma yana cikin labarin, kuma yana daga dalilan da suka sa nake ganin bai kamata labarin ya ɓace ba.

Yau yayi ya wuce. Kwanon silba ya zo, roba ta zo, tangaran da kuloli suka cika kabad mai gilashi. Amaryar yanzu idan aka kai mata fanteka sai ta ga an raina ta. Jeren da ya rage yana ɗakunan tsofaffi, kuma za ka ji jika ko suruka tana cewa, "Inna, waɗannan tarkacen fa sun cinye ɗakin, a kira ɗan gwangwan mana." Tsohuwa ta ce, "Bar mini kayana, ba ki san yadda aka tara su ba." Ana bar mata su, albarkacin tana raye. Bayan ranta, a mako guda an sauke jeren, an ware masu ɗan kyau an raba, sauran an ɗora a sikeli an sayar da kilo.

Irin wannan ya taɓa faruwa a wani wuri mai nisa, da wani kaya da shi ma gilashi ne a kan ƙarfe, kuma abin da ya biyo baya ya isa a tsaya a duba.

Limoges birni ne a tsakiyar Faransa, ta wajen yamma. Daga tsakiyar ƙarni na 12 zuwa tsakiyar na 14, maƙeransa sun shahara da wani aiki har aka riƙa kiransa da sunan garin a takardun Latin na lokacin, tun wajen shekarun 1160. Maƙeri yakan ɗauki fallen jar tagulla mai kauri, ya zana abin da yake so, sannan ya bi da ƙaramar kurfi yana ƙwaƙule ramuka, yana barin siraran layuka a tsaye tsakaninsu. Ya cika kowane rami da jiƙaƙƙen garin gilashi mai launi, ya sa a wuta. Idan ya narke yakan sauka ƙasa, sai a ƙara a sake gasawa, har ya cika. Daga nan a goge da dutse har gilashi da tagulla su zama bai ɗaya, a shafa ruwan zinariya a kan tagullar da ta rage a fili. Shuɗi mai duhu shi ne launin da aka fi sanin Limoges da shi, sai kore da rawaya da fari da ɗan ja. Sau da yawa kawunan mutanen da ke cikin zanen daban ake zuba su, a kafa da ƙusa, kuma fallayen a jikin akwatin katako ake buga su.

Abin da mai kallon waɗannan kaya a gidan tarihi yau ba zai yi saurin ganewa ba shi ne, a zamaninsu su ne masu araha. Babban coci mai dukiya zinariya da azurfa da duwatsu masu daraja yake saye. Ƙaramin cocin ƙauye da ba shi da wannan ƙarfi shi ne yake sayen tagullar Limoges, wadda daga nesa take ƙyalli irin na zinariya. Maƙeran sun riƙa yinsu da yawa, zane ɗaya a maimaita shi sau da dama: gicciye, mazaunin kyandir, bangon littafi, kan sandar limaman coci, da ƙananan akwatuna masu rufi irin na ɗaki, inda Kiristocin wancan zamani ke ajiye ƙashi ko ƙyallen wanda suke ɗauka waliyyi. Garin yana kan hanyar masu ziyara zuwa Santiyago a Sifaniya, ga kuma gidan ibada na Grandmont a kusa, wanda Sarki Henry na Biyu na Ingila yake yi wa hidima. Ta haka kayan suka bazu, daga Sifaniya da Italiya har Suwidin da Norwe. Da aka kashe Thomas Becket, babban limamin Canterbury, cikin cocinsa a ƙarshen Disambar 1170, aka kuma ayyana shi waliyyi a 1173, maƙeran Limoges sun yi ta ƙera akwatuna masu hoton kisan. Fiye da 40 suna nan har yau.

Ba na coci kaɗai suka yi ba. Akwai wasu tasoshi marasa zurfi da ake yi biyu-biyu don wanke hannu kafin cin abinci. Ɗaya tana da ɗan bututu a gefe, a zuba ruwa daga ita, ɗayar ta tare a ƙasa. Duk wanda ya taɓa riƙe wa baƙo buta da kwano a zaure ya san wannan aiki. Cikin kayan coci kuma akwai wani kofi mai murfi a gidan tarihi na Louvre da ke Paris, wanda wani maƙeri mai suna Alpais ya yi wajen shekarar 1200, ya kuma rubuta sunansa da na garinsa a ciki. An zagaye bakin kofin da zanen da aka kwaikwayo daga rubutun Larabci irin na Kufi. Ba ya karantuwa, domin maƙerin bai iya Larabci ba. Ya dai ga irin rubutun a jikin yadudduka da kayan ƙarfe masu tsada da ke fitowa daga ƙasashen Musulmi, ya san alamar kaya mai daraja ce, ya ɗora a nasa. Nakan tuna da wannan kofi idan na ji ana cewa ai langa ba tamu ba ce, kayan kanti ne, 'yan Sin suka zana furen. Babu al'ummar da ba ta yi ado da abin wasu ba. Abin dubawa shi ne me ta yi da shi bayan ya shigo hannunta.

Yayin Limoges shi ma ya wuce. Masu kuɗi suka koma ga azurfa mai siririn gilashi da haske ke ratsawa, irin ta Paris da Siyena. A 1370, cikin dogon yaƙin Ingila da Faransa, sojojin ɗan sarkin Ingila da ake kira Baƙin Yarima suka afka wa tsohon birnin, sana'ar da dama ta riga ta raunana ta ƙara durƙushewa. Kayan suka zauna a kabad ɗin coci-coci shekara ɗari huɗu, tsofaffin yayi, ba mai kallonsu. Da farko arharsu ce ta cece su. Duk lokacin da sarki ya matsu da kuɗin yaƙi, kamar yadda Louis na 14 ya yi a 1689, azurfa ake tattarawa a narkar, a bar tagulla don ba ta kai a wahala a kanta ba. Amma da juyin juya halin 1789 ya zo, aka ƙwace dukiyar coci, ana kuma neman tagulla don kuɗi da igwa, sai arhar ta zama hukuncin kisa. Aka riƙa farfasa su da guduma don gilashin ya zube, a auna ƙarfen. Babban teburin ibada na Grandmont, wanda aka yi wajen 1190, haka aka sayar da shi aka wargaza. Fallaye biyu daga jikinsa suna gidan tarihi na Cluny a Paris.

Ba a yi shekara hamsin ba ido ya buɗe. Wani ma'aikacin gwamnati mai suna Alexandre Du Sommerard ya yi shekaru yana tsintar kayan wancan zamani lokacin da mutane ke ganinsu tarkace, kuma bayan rasuwarsa gwamnati ta sayi tarinsa a 1843, shi ne asalin gidan tarihin Cluny. Attajirai suka shiga nema. Kayan da J. P. Morgan na Amurka ya tara, ɗansa ya ba gidan tarihi na Metropolitan da ke New York a 1917. Da kuɗi ya shigo, ɓarayi da masu jabu suka biyo shi. Akwatin Ambazac, wanda ya tsira daga dukiyar Grandmont saboda an ba wani cocin ƙauye shi, an sace shi a 1907, sai a Landan aka gano shi. A 1996 aka yi gwanjon ɗaya daga akwatunan Becket, wanda tsawonsa bai wuce kamu ɗaya ba, ya kai kimanin fam miliyan 4, kuma yanzu yana gidan tarihi na Victoria da Albert a Landan. Masana sun ƙiyasta abin da ya rage na aikin Limoges na wancan zamani bai wuce guda 7,500 ba, kaɗan daga abin da aka ƙera. Wata masaniya, Marie-Madeleine Gauthier, ta ƙarar da rayuwarta tana bin su ƙasa-ƙasa tana rubuta kowanne: ina yake, daga ina ya fito, hannun wa da wa ya bi.

Abin da na lura da shi a nan shi ne, kaya yana da zamani uku. Yana sabo, kowa na sonsa, ana goge shi ana ɓoye shi. Idan ya tsufa ƙwarai, har waɗanda suka san shi a yayinsa suka ƙare, sai a dawo ana girmama shi. Tsakanin waɗannan biyun akwai wani lokaci da ba shi da gata. Bai kai a kira shi kayan tarihi ba, ya kuma wuce a kira shi na yayi. Yana tuna wa 'ya'ya talaucin da suke so su manta, ko ƙauyancin da suke gudun a jingina musu. A wannan lokaci ne ake hallaka mafi yawansa, kuma ba maƙiya ke yi ba, magada ne, da zuciya ɗaya, suna gyaran ɗaki. Wanda ya sa guduma a kan tagullar Grandmont bai ga kansa a matsayin mai ɓarna ba, tsohon ƙarfe ya saya. Kwanukan iyayenmu suna cikin wannan lokaci yanzu, a Garwa da Marwa da Ngaundare, haka ma a Yola da Kano da Maraɗi.

Kada a fahimce ni da cewa fantekar Hajiya za ta kai miliyoyi wata rana. Ba za ta kai ba, kuma wanda ya ajiye ta da wannan niyya zai gaji da jira. Akwatin Limoges hannu ne ya ƙwaƙule shi rami-rami, langa kuwa inji ne ya buga dubbai a yini. Gwanintar Limoges tana jikin kayan, shi ya sa ko falle ɗaya ya tsira, ya tsira da ita. Tamu gwanintar ba a jikin kwano ɗaya take ba. Tana cikin jeren: wace ta zaɓi wannan launi kusa da wancan, me ya sa aka fara da kwalla aka ƙare da ƙaramin kofi, saitin wa aka sa a tsakiya inda ido ke fara sauka, na wa aka tura gefe. Jere aikin hannun mata ne, kuma rajista ce ta zumunci, domin mai ɗakin tana iya nuna kowane saiti ta faɗi wadda ta kawo shi da bikin da aka rama. Wannan ya fi tagulla saurin lalacewa. Tagulla sai an sa mata guduma. Jere kuwa da zarar an sauke shi ya tafi, ko da kowane kwano yana nan lafiya lau a gidaje bakwai.

Wani mai binciken kayan tarihi, Nicholas David, ya zauna a garin Be da ke kusa da Garwa a ƙarshen shekarun 1960, yana shiga gidajen Fulani yana ƙirga tukwanen ƙasa da shekarun da kowace take yi kafin ta fashe. Ya samu ƙaramar tukunyar girki ba ta cika kai shekara uku ba, babbar randa da ke zaune wuri ɗaya kuwa takan haura goma. Abin da ake ɗagawa kullum shi ke saurin tafiya. A kan wannan ma'auni kwanon jere ya fi kowane kaya a gidan damar daɗewa, don bai taɓa hawa murhu ba, bai taɓa zuwa rijiya ba. Akwai saitin da aka saya tun zamanin shugaban ƙasa Ahmadu Ahijo, wanda har yau takardar kamfani tana manne a gindinsa, ko ƙwarzane babu. Abin takaici ne a ce kayan da ya tsallake shekara hamsin ba tabo ya ƙare a sikelin gwangwan cikin yini ɗaya.

Baƙi sun riga mu lura. Wata Bajamushiya mai bincike, Editha Platte, ta rubuta a 2004 kan kwanukan gilashi da robobi a ɗakunan matan Barebari a Borno, ta ɗauke su da muhimmancin da ake ba sassaƙa da saƙa. Mu kuwa idan aka ce kayan tarihi, hankalinmu yakan tafi ga takobi da sulke da sirdin doki da tambari, wato kayan maza da na sarauta. Suna da daraja, ban musa ba. Amma a gari irin Garwa, gida nawa ne ke da sulke? Jere kuwa kusan kowane gida ya yi shi, na Bafulatana da Bahaushiya da Babarbariya da matan sauran ƙabilun da suka zauna cikin gari suka ɗauki al'adar. Idan fadar Lamiɗo ko wata makaranta ta ware ɗaki guda, aka roƙi iyalan wata dattijuwa su bar jerenta yadda yake, da gadon ƙarfenta mai rumfa da labulenta, aka rubuta sunanta da shekarar aurenta, jikokinmu za su koyi abin da littafin tarihin sarakuna ba zai gaya musu ba.

Kafin a kai ga haka, akwai abin da kowane gida zai iya. Kwanon da ake son ajiyewa ba a dirje shi da yashi ko soson ƙarfe, ruwan ɗumi da sabulu sun isa, a shanya shi ya bushe ƙayau, musamman ƙarƙashin leɓen baki inda ruwa ke maƙalewa. Idan za a kifa wani cikin wani, a sa tsumma tsakani. Inda ya ɓantare a ɗan shafa mai don tsatsa ta tsaya, kuma wanda cikinsa ya ɓantare a daina cin abinci a ciki. Kada a ɓare takarda ko tambarin da ke gindi, domin shi ne zai nuna ko daga Hongkong ya zo, ko Ikeja, ko Kano.

Mafi muhimmanci shi ne bakin mai kayan. Kusan kowane zane yana da sunan da mata suka raɗa masa a kasuwa, sunan kuma yakan bambanta daga gari zuwa gari, ba a rubuce yake a ko'ina ba. Waɗanda suka san su matan da suka haura sittin ne. Wayar da ke hannun kowace jika tana ɗaukar hoto, tana ɗaukar murya. A ɗauki jeren gaba ɗaya daga bakin ƙofa, yadda mai shigowa ke ganinsa, sannan a bi shi saiti-saiti. A zauna kusa da tsohuwa a ce, "Hajiya, wannan mai jan furen wa ya kawo miki? A wace kasuwa aka saya, ta Garwa ko ta Pitowa? Akwai wanda kika taɓa sayarwa, me ya faru a shekarar?" Tambaya ta ƙarshen nan takan buɗe labarin fari, ko na jinya, ko na kuɗin makarantar wani da yanzu babban mutum ne bai kuma san da fanteka aka biya masa ba. A yi wannan tun tana da ƙarfin zama ta yi bayani, domin ranar rabon gado gidan cike yake da mutane, kowa yana sauri ya kama motar komawa, kuma sauke jere ba ya ɗaukar awa guda.